Ranar da Iyakar Gona ta Tashi da Gudu

Har yau ban manta da ranar da na ga iyakar gona ta tashi tana tafiya da ƙafafunta ba, dattawan gari suna bin ta a guje. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna jin ana tsokanata da Fomen Ribas. To ga asalin sunan daga bakina, kafin direbobi su ba ku nasu, don su ba sa ba da labari sai sun ƙara masa gishiri.

Lokacin ina fomen a sashen gyaran injunan noma a nan Gusau, ritaya ta kusa. Ga wanda bai san tsarin ba, fomen shi ne babban bakanike. Yana sama da masu riƙe sifana, yana ƙasa da injiniya, saboda haka duk faɗan da ya taso, daga sama ko daga ƙasa, a kansa yake sauka. Shugabanmu shi ne Injiniya Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe zaune a Sabon Gari. Mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba ka haushi. Ko noti ka ɗaure sai ya zo ya sa hannu ya ji.

Bayan ɗaukewar damina aka aiko da umarni daga sama, cewa duk injin gwamnati da aka yar a ƙauyuka a nemo shi, wanda zai gyaru a gyara. Ni aka tura wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, inda aka ce akwai tarakta a fadama.

Ba irin babbar da ake hawa ba ce. Ƙarama ce ta lambu, mai ƙafafun ƙarfe biyu, da injin gas irin na niƙa, da dogayen hannuwa a baya waɗanda mutum zai riƙe yana bin ta kamar mai huɗa da shanu. Tun zamanin iyayen mutanen garin aka ba manoman rani ita. Wata rana tana cikin aiki ta mutu, aka ce za a turo bakanike daga Gusau. Ni ne bakaniken, sai dai na ɗan makara da kusan tsawon rayuwar mutum. Na same ta ta nutse a laka har rabin ƙafa, tsatsa ta ci fentin, ƙadangaru sun yi gida a salansa, wato bututun hayaƙinta. Mutanen garin 'Yar Tantan suke kiranta, kamar wata tsohuwar gwaggonsu.

Da na gaya wa Maigari za mu kawo mota mu ɗauke ta, sai ya dube ni kamar na ce zan ɗauke masallaci.

"Malam Lawali, gyara kam ku gyara, abin gwamnati na," in ji shi. "Amma ba ta gusawa nan ko taƙi guda."

Na tambayi dalili. Ashe kowace damina gulbi yana malale fadamar nan, ya tafi da kunyoyi da turaku da duk wata alama. 'Yar Tantan kaɗai ruwa bai taɓa iya ɗauka ba. Idan ruwa ya janye, sai a ɗaura igiya a hannunta a ja har wata tsamiya da ke bakin gulbi. Gabas da igiya gonar Alhaji Mande ce, wani mai hali a garin. Yamma da ita ta Inna Tumba ce, wadda mijinta ya rasu ya bar mata jikoki marayu. Gonarsu ta daji ta daina zuwuwa saboda rashin tsaro, don haka albasar da take dasawa a ɗan filin nan ita ce abincin gidan. Mahaifin Maigari ne ya yanke hukuncin tun da can, bayan an sha rigima: inda 'Yar Tantan take, nan iyaka take.

Na koma ofis na faɗa wa Injiniya. Ya cire tabarau ya goge.

"Umarnin ya ce a gyara. Ya ce a matsar?"

"Bai ce ba, ranka ya daɗe."

"To ka gyara ta a inda take. In ta tashi, ka kira ni in zo in ji da kunnena."

Haka na fara aikin da ban taɓa yin irinsa ba: gyaran tarakta bisa sharaɗin kada ta motsa. Ko haƙe lakar da ta binne ƙafafun sai da aka kira shaidu. Alhaji Mande ya sa an kawo masa kujera ƙarƙashin inuwa, kullum yana zaune yana lura kada in tura ta gabas. Inna Tumba kuma tana aikinta a yamma, ba ta ce mini komai sai sannu da aiki, amma idonta na kaina. In na jingina da ita don in huta, sai in ji Alhaji ya yi gyaran murya.

Fistin ya kafe, sai da na yi ta jiƙa shi da kananzir ina bugunsa da itace kafin ya saki. Nozul da zobban fistin a Tsafe na samo su, wurin wani mai gyaran injin niƙa, wanda da ya ji sunan injin sai ya tambaye ni ko daga kabari na tono shi. Bel kuwa, wato robar da ke kai ƙarfin injin ga ƙafafu, a Sabon Gari na samu. Na zuba sabon baƙin mai, na cika ko'ina da giris. Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne giya. Tun ranar da ta mutu tana cikin giyar gaba, kuma sandar ta ƙi fita duk bugun da na yi mata. Ban damu ba, tunda ba tafiya za ta yi ba. Na ja kuloci, wato abin da ke raba injin da ƙafafu, na ɗaure shi tam da robar tayar keke, domin maƙallinsa ya ruɓe.

Ranar gwaji Injiniya ya zo da farar rigarsa. Gari kaf ya fito, har da mai sayar da rake. Tankin ya huje, don haka wani gwangwani na rataya, na zuba masa man gas kaɗan, wanda zai isa a ji ƙara kawai. Na sa handil na fara wainawa. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta fesa wa Maigari baƙin hayaƙi a rawani, sannan ta kama: tan, tan, tan. Mata suka yi guɗa. Wallahi ni kaina sai da ƙwalla ta zo mini, don duk bakanike ya san daɗin jin mataccen inji ya yi magana.

Ina cikin karɓar gaisuwa robar nan ta tsinke saboda jijjiga.

'Yar Tantan ta yi wani yunƙuri, ta fito daga raminta, ta kama hanya ita kaɗai. Gabas ta fara nufa, kai tsaye cikin irin albasar Alhaji Mande, tana kaftar ƙasa tana watsawa baya.

"Ku tare ta! Ku tare ta!" Alhaji ya tashi da ihu, kujera ta kife. "Iyakata ta, ina za ta?"

Muka bi ta, ni da Maigari da liman da wasu tsofaffi, kowa ya tattare riga. Ba wanda ya san inda zai kama, don ta baya wuƙaƙen kaftu ne ke juyawa. Sai ƙafarta ɗaya ta hau wani tudun kunya, ta karkace, ta yi kwana, ta miƙe yamma. Ta tsallake layin igiya ta faɗa gonar Inna Tumba. Nan take Alhaji ya sha gabanmu ya buɗe hannuwa.

"Kowa shi ja baya! Abin gwamnati na, kada wanda shi taɓa ta! Ku bar ta ta yi aikinta!"

Ta ci gaba da tafiyarta a natse, kamar wadda ta tuna aikin da ta bari. Sai da ta kai tsakiyar gonar Inna man gwangwanin ya ƙare. Ta yi tari ta tsaya.

Kafin mu iso Alhaji ya riga ya ɗare kanta ya zauna, duk da zafin injin, yana kiran a kawo igiya. Da farko mutane dariya suke yi. Da suka ga Maigari bai yi dariya ba, sai kowa ya haɗiye tasa. Alhaji ya maimaita hukuncin nan kalma bayan kalma, ya tambayi Maigari ko yau zai tashi maganar mahaifinsa. Maigari ya sunkuyar da kai yana jan gemu. In aka ja igiya daga nan zuwa tsamiya, rabin gonar matar nan ya tafi.

Inna Tumba ba ta yi kuka ba, ba ta ko dubi Alhaji ba. Ni ta zo ta tsaya a gabana.

"Lawali, shekara da shekaru tana kwance ba ta ci ma kowa komi ba," in ji ta a hankali. "Kai kat tashe ta."

Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na lokacin ba. Na zo gyaran inji, ga shi zan tafi na bar marayu da rabin abinci.

Sai Injiniya Bitrus ya tako, farar rigarsa duk laka, ya tsaya gaban Alhaji.

"Alhaji, don Allah sauka. Ba a gama gwaji ba. Injin da ba a gama gwadawa ba, ba a ce ya tsaya. Ta yi gaba, saura ribas." Ya juyo gare ni. "Fomen, ƙa'idar gwajin ribas fa? Daidai nisan da ta yi gaba, a kan sawunta, ko ba haka ba?"

A duk shekaruna na aiki ban taɓa jin wannan ƙa'ida ba. Na ce, "Haka take, ranka ya daɗe, tun zamanin Turawa."

Alhaji ya ce bai yarda ba. Maigari, wanda ya samu igiyar kamawa, ya ɗago ya ce shi ba ya shiga tsakanin gwamnati da injinta. Aka sauko da Alhaji yana fifita bayan wandonsa.

Saura abin da ni kaɗai na sani: giyar nan ba ta fita. In ta ƙi shiga ribas a gaban jama'a, magana ta ƙare. Na durƙusa na kama sandar, na yi bisimilla, na ja. Ta ƙi. Na ɗora itace na buga da guduma. Ta ƙi. Gumi ya jiƙa ni, ina jin numfashin Inna a bayana. Na sake bugawa da duk ƙarfina, sai na ji ƙaras. Ashe gudun da ta yi ya ɗumama akwatin giyar, sabon mai ya ratsa. Ta fita daga gaba, ta shiga ribas.

Wanda bai taɓa jan irin wannan tarakta da baya ba, bai san wulaƙanci ba. Kai ne a bayanta, don haka kanka take tahowa. Na cire wuƙaƙen daga aiki, na ƙara mai, na tashe ta, na riƙe hannuwan ina tafiya da baya da baya, da tumbina da furfurata, tana turo ni. Injiniya yana gefe yana nuna mini sawu da biro. Da muka zo layin igiya na so in yanke in nufi ramin, ya ce a'a, a kan sawunta aka ce. Haka muka sake shiga gonar Alhaji, muka sake taka irin albasarsa, muka yi kwanar nan, yana biye da mu yana salati. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ban samu damar ɗauka ba. Da ƙafafunta suka faɗa tsohon raminsu, na kashe ta, na zauna a ƙasa.

Injiniya ya sa na cire bel da handil, ya saka su a motarsa da hannunsa. Maigari ya sa aka mayar da laka aka daddanne. A hanyar Gusau na tambaye shi me za mu ce wa na sama. Ya ce, "Za mu ce an gyara, kuma tana bakin aikinta." Bai yi murmushi ba. Daga ranar na daina jin haushin mutumin nan.

Kafin mu tashi, Inna Tumba ta kawo mini takalmina ta wanke shi. Ta dubi layin da aka kafce mata kyauta a tsakiyar gona, ƙasa ta yi laushi, ta ce, "Kaftun kam ya yi kyau, Lawali. Amma don Allah kada ka dawo."

Ban koma ba. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ana koya mana tambayar me ya kashe inji, ba a koya mana tambayar me yake yi tun da ya mutu. A ƙauye ba abin da ke zaman banza. Mataccen ƙarfe ma za ka tarar an ba shi aiki, wani lokaci aikin ya fi wanda aka ƙera shi dominsa. Don haka in an tura ku gyara, kafin ku buɗe akwatin sifana, ku zauna ku gaisa da mutane, ku tambaye su wa ke cin abinci da abin nan a yadda yake.