Ranar da na kai Inna gaban alƙali

Ni 'yar fari ce, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana ba da labarina sai ta ce "yarinyar nan", in na yi laifi kuma na koma "waccan". Ƙannena huɗu kowa ana kiran sunansa har da kirari, ni kuwa ko tuntuɓe na yi a gabanta sai ta juya ta kalli danga. A ƙauyenmu na ƙasar Guci ba wanda ya ɗauki wannan abin magana, tarbiyya ce. Ni dai yana ci mini rai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Kunyar nan har asara ta taɓa ja mana. Wata damina ma'aikatan lafiya suka zo rabon gidan sauro, suka tambayi Inna 'ya'yanta nawa. Ta ce huɗu, ina tsaye a gefenta riƙe da ƙwaryar ruwan da aka kawo wa baƙin. Matar da ke rubutu ta dube ni ta dubi Inna, kamanninmu kamar an tsaga kara. Inna ta ce, "Wannan ta kakarta ce." Aka rubuta huɗu, sauro ya ci gaba da cin rabonsa a jikina.

Da na kai ajin ƙarshe a lakwal, makarantar firamare ke nan, mushe, wato malaminmu, ya ce duk wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai zauna jarrabawar shiga kwalej ba. Rabin ajin a gida aka haife mu, ba wanda ya je ya rubuta mu a ko'ina. Sai ya ce kada mu damu, gwamnati za ta turo alƙali har Guci ya yi wa yara takardu kyauta, yini ɗaya tak. Kowa ya zo da uwa ko uba, da shaida. Baba yana cin rani a Kano, kakar da ta raine ni ta rasu, saura Inna.

Inna ta shirya abinta tsaf. Gwaggo, ƙanwar Baba, za ta bi mu a matsayin shaida, in an tambayi suna ita za ta amsa. A nan ne shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na dawo daga lakwal, na ajiye kayena na rubutu, na gyara fuska na ce, "Inna, mushe ya ce doka ce. Wadda ta haifi yaro ita za ta faɗi sunansa da bakinta a gaban alƙali. In wani ya faɗa, takardar ta lalace."

Ba mushen da ya faɗi haka. Ni na ƙirƙiro shi a hanya, tsakanin rijiya da ƙofar gida. So nake na ji sunana a bakinta ko sau ɗaya, a gaban jama'a, inda ba dangar da za ta kalla.

Inna ba ta daina tankaɗe ba. Ta ce, "To, a bar jarrabawar."

Ramin da na haƙa ni na fara zura ƙafa a ciki. In na ce ƙarya na yi, na sha duka, kuma ba za ta ƙara yarda da wata magana ta lakwal ba. In na yi shiru, kwalej ta wuce ni, ni da nake ta ɗaya a lissafi. Kwana uku ina kai-kawo a tsakar gida, ina wanke tukunyar da ba a sa ni ba, ina share inda aka riga aka share, ko za ta ji tausayina. Ko kallo ban ishe ta ba.

Ranar da alƙali zai zo, da sassafe, na gan ta ta ɗaura zanenta na zuwa biki. Ta ce, "Ke, tashi, kada rana ta yi." Muka hau amalanken maƙwabcinmu, ni da ita da Gwaggo. Duk hanya leɓɓan Inna na ta motsi, na ɗauka tasbihi take.

A farfajiyar meri, wato ofishin magajin gari, an kafa tebur a gindin bishiyar bedi. Alƙali na zaune da hatiminsa, magatakarda a gefensa yana tambaya yana rubutawa, layi har bakin titi. Muna matsawa, ni daɗi na cina tsoro na cina. Da aka zo kanmu magatakardan ya ce, "Sunan yarinya?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta buɗe baki. Wallahi na ga harshenta ya taso.

Magatakardan nan, Allah ya shirye shi, ɗan ƙasarmu ne, ya san komai. Ya ɗago ya yi murmushi ya ce, "Af, 'yar fari ce ko? Bar shi, Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Ke yarinya, ba ki da baki ne? Faɗi sunanki."

Inna ta ce, "Ba doka ba ce sai uwa ta faɗa?"

Ya ce, "Wace doka? Wa ya faɗa maki?"

Inna ta juyo ta dube ni, kallo mafi tsawo da ta taɓa yi mini a rayuwa. Na faɗi sunana da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako, sai da ya ce na maimaita.

Ya tambayi lokacin haihuwa. Iyayen da suka gabace mu duk kame-kame suka yi, wannan ya ce shekarar fara, wancan ya ce lokacin gyaɗa. Inna kuwa ta ce shekarar da aka gina rijiyar bakin kasuwa, ranar Juma'a da hantsi, ana cikin maimai, ruwa ya kwana yana zuba ya ɗauke. Ta ce yarinyar ta fito ba ta yi kuka ba, sai da ungozoma ta yayyafa mata ruwan randa, kuma da tabo a bayan kunnenta na hagu. Magatakardan ya ce ya isa, ba gurbin tabo a takardar. Ni na kai hannu bayan kunnena na shafa. Ban taɓa sanin da shi ba.

Alƙali ya buga hatimi. Muna fita daga farfajiyar Inna ta kama wannan kunnen dai ta murɗe shi, ba ta sake ba sai bakin amalanke. Gwaggo tana ta dariya har da riƙe ciki, don tsakaninta da matar wanta akwai wasa.

Ta ce wa Inna, "Yo ke, da bai tare ki ba, da gaske faɗa za ki yi?"

Inna ta ce, "Da me zan yi? In bar ta ta zauna gida?" Ta gyara mayafi, ta juya mini baya kamar ba na wurin. "Kwana uku ina zagayawa bayan rumbu ina gwadawa a kan akuya. Jiya ma har sau bakwai na faɗa mata ba gargada. 'Yar banza ta sa ni hira da dabba."

Na ci jarrabawa, na yi kwalej a Dungas, takardar tana cikin akwatina har yanzu. Inna ta tsufa, jikokinta duk tana kiran sunansu da kirari, ni ina nan a "ke". Akuyar kuwa na hana a sayar da ita, ni na riƙa yi mata ciyawa har ta mutu don kanta. Ita kaɗai ta ji yadda sunana yake a bakin uwata.