Fallen da na juya

Wata safiyar Talata ce ta damina, ina aji huɗu na firamare, in dai ban ɓata lissafi ba. An tashe mu hutun tara, ƙawayena sun zana ƴar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni kuwa na raɓe a gindin darbejiya. Ban ci kuɗin tarata ba. A ranar ne Baba zai sa Alƙur'anin kakanmu a ƙarƙashin wuƙa, kuma ni kaɗai na san abin da na yi wa Alƙur'anin jiya.

Baba mai yankan takarda ne a wata maɗaba'a kusa da Ƙofar Nassarawa. Injinsa ya kai girman gadon ƙarfe. Yakan ɗebi takardu ya kaɗa su iska ta shiga tsakani, ya bubbuga gefensu a kan tebur har su zama kamar bulo, ya tura su jikin ma'auni, ya taka ƙarfen da ke danne su, sannan ya latsa maɓallai biyu da hannu bibbiyu. Kafin ƙiftawar ido wuƙa ta sauka ta koma. Mu yara abin da ya dame mu shi ne ɓarɓashin da yake kawo mana gida a buhu, muna yi wa ƴar tsana gashi da shi, ragowar kuma Umma ta hura gawayi da shi. Yakan ce mana, "Wuƙar nan ba ta san yi haƙuri ba."

Kakanmu, wanda kowa a lungunmu na Gwale yake kira Malam, ya shafe shekara uku yana rubuta Alƙur'anin da hannunsa, falle-falle, ba ɗinki ba lambar shafi. Idonsa ya soma rauni, shi da kansa ya ce wannan ne na ƙarshe. Da yake takardun ba saye ɗaya ba ne, wasu sun fi wasu faɗi, sun ƙi zama a gafaka. Baba ya ce zai rage gefen da babu rubutu. Ɗaya gefen kuwa nan Malam ya yi zayyana da ja da ɗorawa, dab da baki.

Zayyanar ce ta ja ni. Ranar Litinin bayan la'asar an aike ni sharar ɗakin Baba, na ga ƙunshin a kan akwati, na zaro falle ɗaya daga tsakiya don in kwaikwayi zanen a littafina. Da na ji takun Umma sai na cusa shi da sauri. Ko daidai na mayar, ko a juye, ban sani ba. In a juye ne, wuƙa za ta tafi da zayyanar da ƙarshen kalmomi.

Ban taɓa gudu daga makaranta ba sai ranar. Na bi ta lunguna ina tsallake kwatami, silifas a hannu. Na tarar injin yana ruri, Baba ya gama yanka wasu littattafan rubutu, ya goge tebur, ya yi alwala, ya jera kashin farko na Alƙur'anin. Malam na zaune a benci da sandarsa. Da ya gan ni ya fara tsokanar da ya saba, wai amaryarsa ta biyo shi karɓar cefane. Ban yi dariya ba.

"Baba, na taɓa shi jiya," na ce. "Ina jin na juya falle ɗaya. Ban tabbata ba."

Baba ya janye hannayensa, ya kashe injin. Ya tambaye ni wace sura, na ce ban duba ba, wajen tsakiya dai. Malam ya miƙe, ya ce a zo da duka. Suka zauna su biyu suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, Malam na kai kowanne kusa da ido, ni ina tsaye. Sun fi awa guda. A cikin suratul Kahfi suka same shi, kansa a ƙasa.

Malam ya juya shi, ya shafa da tafin hannu, ya dubi Baba. "Kar ka taɓa min mata. Ɓarawon da ya kawo kansa ai ba a ɗaure shi."

Baba ya kunna injin. Ya sake bubbuga takardun, ya auna sau biyu, ya yi bisimilla. Wuƙa ta sauka, siririn farin zare ya zube ƙasa, babu ɗigon tawada a jikinsa. Sai a lokacin na ji yunwa. Washegari na sha bulala uku a makaranta, ban ko ji zafinsu sosai ba.

Yanzu an mayar da maɗaba'ar shagon sayar da waya. Na ji an ce injinan zamani da kansu suke awo, mutum lamba kawai yake dannawa, kuma wataƙila hakan ya fi. Malam ya rasu kafin in gama jami'a, Baba kuma hannunsa ya soma rawa. A ofis ana yi min tsiya cewa takarda ɗaya sai na duba ta sau uku kafin in miƙa, kuma na fiye cewa ban tabbata ba. Ba na musu. Na taɓa faɗin haka a inda aka tsaya aka saurare ni.