Numfashin Mai Jan Baƙi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ara mana numfashi, Yake kuma karɓar abinSa sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wani gidan rediyo na Magarya akwai ɗakin ɗaukar magana da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. A cikinsa akwai tsofaffin lasifikoki biyu na katako, kowace ta kai akwatin tufafi girma. Ba irin na masallaci ba ne masu kai murya nesa. An ƙera su ne domin mai ɗauka ya ji abin da ya ɗauka yadda yake, ba ƙari ba ragi.

A ɗakin nan muka ƙudura ɗaukar tafsiri daga Fatiha har Nasi, ni da alaramman da yake ja mini baƙi, shi ya karanto aya, ni in fassara. Tare muka yi karatu tun ƙuruciya. Daga wani ƙauye na wajen Bande ake kawo shi bisa moto, wato babur, burinsa kuwa ɗaya ne: jikokinsa su gāji Alƙur'ani cikakke da muryarsa.

Muna cikin Ma'ida, mai ɗaukar, wanda shi ma dattijo ne, ya maido mana karatun ranar mu saurara. A ƙarshen kowace aya sai na ji wani siririn fito daga ƙirjin alaramma, kamar iska ta ratsa zana. Shekara da shekaru ina zama gefensa ban taɓa jin sa ba.

Alaramma ya yi dariya ya ce, "Akwatunan nan naka magulmata ne."

Mai ɗaukar ya ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka ba su suke maidowa. In ka yarda in yanke wurin."

"Kada ka yanke. Wanda ya ji karatu ba numfashi zai ce aljani ya yi shi."

Alaramma ya je likita a Damagaram, ya komo da ƙwayoyi da ƙarancin magana. Daga nan na canza yadda nake aiki. In ya kai ƙarshen aya, sai in tsawaita bayani, in kawo dalilin saukarta, in shiga saɓanin malaman nahawu, ina satar kallon ƙirjinsa har ya lafa.

Wata rana ya ce, "Malam, tsufa ya sa ka surutu. Aya guda ka kai mu Basra ka dawo da mu Kufa?"

Na ce, "Masu sauraro suna buƙata."

Ya dube ni. Shi da ni mun san cewa duk hutun da na ba shi, daga tafiyarmu nake cire shi. In na gajarta, ya shaƙe a tsakiyar aya; in na tsawaita, Nasi ta ƙara nisa. Na zaɓi tsawaitawa, har yau kuma ban san wanne ya fi ba.

Mun shiga Suratu Maryam sa'ad da hatsi ya fara fid da kai. Ba mu fita daga cikinta ba. An yi masa sutura ana yayyafi.

Yanzu karatun yana yawo a cikin tarho, har kasuwar Dungass na ji shi a rumfar mai gyaɗa. Ƙananan lasifikokin tarho ba sa fitar da fiton nan, saboda haka mutane suna cewa muryarsa ƙalau take har ƙarshe, suna kuma yaba zurfin bayanina. Jikokinsa rabin Littafin suka samu.

Bara na koma gidan rediyon na roƙi a sa mini Maryam a tsofaffin lasifikokin. Takardar bakin ɗayar ta yage, gara ta ci gindin ɗayar. An ce babu mai gyaran irinsu a kusa.

Allah Ya jiƙansa. Ya kuma yi albarka ga mai karanta wannan da iyalan gidansa, Ya ba su ikon cika alherin da suka fara. Amin.