Taken da Na Kaɗa a Bakin Tafki

Ni makaɗin ganga ne, ɗan makaɗi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, duk da cewa 'yan shekarun da na yi a boko sun sa wasu na ganin na yi asarar takarda. A Haɗeja nake zaune, amma abincina a fadama yake. Biki da suna da gayyar noma da kokawar bayan girbin shinkafa, duk ana kirana. Wanda na fi so a cikinsu shi ne su, wato kamun kifi na gayya, ranar da sarkin ruwa zai buɗe tafkin da aka hana taɓawa wata da watanni, masunta su jeru a gaɓa da gorunansu da homarsu suna jiran a ce a faɗa.

A wajenmu duk wanda ya yi suna a sana'arsa yana da take, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In ka kaɗa wa mutum takensa a cikin taro, ka kira shi da ubansa ke nan, ka kuma tuna masa ranar da ya fi kowa. Na sha ganin dattijo mai furfura jikinsa na ɓari saboda haka. Kowane makaɗi ya san wannan, kuma da shi muke cin abinci.

Akwai wani bawan Allah a wani ƙauye bayan Auyo, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. A ƙuruciyarsa babu wanda ke shan gabansa a nutso, mahaifina ne ma ya yi masa take. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya bar ruwa, ya sayi injin casar shinkafa ya zauna. Kiɗa kuwa bai bar shi ba. Duk inda ya ji zan yi wasa sai na gan shi a kan babur ɗinsa, in damina ce ya ɗora babur ɗin a kwale-kwale ya tsallako. Wayarsa cike take da kiɗana. In na yi kuskure a ganga, kafin yaran da ke min amshi su lura shi ya riga ya ɗaga gira yana min dariya. Ban taɓa samun masoyi kamarsa ba.

Ranar da abin ya faru ranar su ce a bakin tafki, da bazara, kuma ruwan shekarar ya ja baya fiye da yadda aka saba. Yaya ya zo kallo ne kawai, da farar riga da sabuwar hula, ya zauna a inuwa cikin dattawa. Hantsi ya yi, kifi bai fito ba, taro ya yi sanyi, 'yan kallo sun fara zamewa. Ni kuma ba na son taro ya mutu a hannuna. Na waiga na gan shi, sai na juya ganga na kaɗa takensa.

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu yana kaɗa shi, alamar in bari. Na gani sarai. Maimakon in bari sai na ƙara wuta, na haɗa da kirari, mutane suka ɗauki ihu. Ya miƙe, ya tuɓe riga, ya miƙa wa na kusa da shi hula, ya ruga kan doguwar gaɓar da ya saba dira tun yana saurayi. Ya dira. A ƙarƙashin ruwan akwai kututturen itace wanda a shekarun baya zurfi ke rufe shi. Masunta huɗu ne suka fito da shi, ƙugunsa a karye.

Kafin a kai shi asibiti hoton bidiyon ya riga mu isa gari. Wani ya ɗauka a waya, kuma ya ɗauka da kyau: ga hannun Yaya yana cewa a bari, ga ni ina ta dukan ganga ina washe baki. Ƙanin Yaya, ma'aikaci ne a Dutse, shi ya kai ƙara. Ya ce na zuga yayansa da gangan, yana neman kotu ta hukunta ni ta kuma sa ni biyan diyya. Na wuni a hannun 'yan sanda kafin mai unguwarmu ya karɓe ni beli.

Daga nan kasuwata ta mutu murus. Masu bikin da suka riga suka kama ni suka riƙa aiko da uzuri, wani ya ce an ɗaga, wani ya ce amarya ta fi son kiɗan sifika. Sarkin ruwa ya ce ba a ƙara kawo ganga bakin tafkinsa. Yaran da ke min amshi suka watse. A kasuwa in na wuce sai in ji ana cewa, “Ga mai gangar da ke karya mutane.” Na rataye gangata a bayan ƙofa, na koma ƙodago a gonakin shinkafar mutane, ina dashe cikin taɓo tare da waɗanda a da nake yi wa kiɗa suna aiki. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji tsoro, domin ban iya komai ba sai ganga, ga iyali, ga maganar gidan yari tana yawo a kaina.

Wani ɗan'uwa ya haɗa ni da lauya, yaro mai kirki, mai yawan turare. Ya zaunar da ni ya ce, “Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka je asibiti, kada ka je gidansu, kada ka buga waya. In ka kuskura ka ce masa ya yi haƙuri, ka amsa laifi ke nan.” Na ɗauka mai ilimi ya fi ni gani, na bi maganarsa. In faɗi gaskiya, maganar ta yi min daɗi ma, don ba ni da idon da zan kalli mutumin. Aka sallame shi daga asibiti, aka mayar da shi ƙauye, sati ya bi sati, ban taka ba.

Mahaifiyata ce ta tayar da ni. Tsohuwa ce, ba ta fita, amma babu abin da ke wuce ta. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ƙi amsawa. Can ta ce, “Wai da gaske ne har yau ba ka je ka duba mutumin nan ba?”

Na ce, “Inna, lauya ne ya hana.”

Ta ce, “Lauya! Mutum ya karye a gabanka, ya ci abinci da ubanka a kwano ɗaya, ka ce lauya ya hana ka dubiya? In an ɗaure ka, a ɗaure ka kana da mutunci. Tashi ka ba ni wuri.”

A ranar na ari babur, na sayi lemo da kankana, na kama hanya. Matarsa ce ta tare ni a zaure. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Sai yau?” Na durƙusa. Ta ce, “Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke kwashe abin da ya yi. Kai ka kaɗa gangarka ka tafi gida. Ɗauki lemonka, ba mu rasa ba.” Duk gaskiya ta faɗa. Sai na ji muryarsa daga ɗaki, “Bar shi ya shigo.”

Yana kwance a katifa, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na zauna a ƙasa na gaishe shi da jiki. Ya ce, “Makaɗi, ni ban ji haushin ganga ba. Rashin zuwanka ne ya ci min rai. Kullum in na ji babur ya tsaya sai in ce kai ne. Da na gaji, ƙanina ya kawo takarda, na dangwala masa hannu.”

Duk abin da lauya ya hana ni sai ya zubo. Na ce, “Yaya, na ga hannunka. Na ga ka ce in bari, ban bari ba. Taro nake so ya yi zafi. Ka yafe ni.”

Ya ce, “Na san ka gani.” Ya sa aka yanka kankanar, muka sha tare, na dawo gida ban san matsayina ba.

Da na gaya wa lauya ya dafe kai ya ce na kashe shari'ar da hannuna. Ranar zama na yi sallama da iyalina kamar mai tafiya mai nisa. Ina tsaye a gaban alƙali sai na ga an shigo da Yaya a kan kujera, mutum biyu na ɗauke da shi. Ba a tsammace shi ba, har ƙanin nasa ya miƙe tsaye. Alƙali ya tambaye shi ko yana da magana.

Ya ce, “Allah ya gafarta malam, gangar tasa ce, amma ƙafar tawa ce. Ya kira ni, na ce ya bari, bai bari ba. Wannan laifinsa ne, kuma ya zo har ɗakina ya faɗa da bakinsa. To amma da na so zama da na zauna. Na daɗe ina jiran wanda zai tuna ni masunci ne. Ni dai na yafe masa duniya da lahira, a rubuta.”

Ƙanin ya ce, “Yaya, ka san abin da kake yi kuwa?” Ya ce, “Ƙuguna ne ya karye, ba kaina ba.” Ban ga laifin ƙanin ba, shi ya sha ɗawainiyar asibiti, kuma ɗan'uwansa ne ba zai ƙara tafiya ba sai da sanda. Alƙali ya yi min faɗa mai zafi, ya rubuta sulhu, ya sallame mu. Na fito ina kuka a gaban jama'a, ban damu da wanda ya gani ba.

Sai dai yafiyar kotu ba ta dawo min da kiɗa ba. Damina ta zo ta wuce, aka girbe shinkafa, aka shiga bukukuwa, ko mutum ɗaya bai neme ni ba. Har na fara tunanin sayar da gangar. Ina zuwa duba Yaya duk Juma'a, ban taɓa yi masa kukan wannan ba, amma ya ga taɓo a ƙafata, ya gane. Wata Juma'ar ya ce, “Sati mai zuwa zan aurar da 'yata ta fari. Ka zo da gangarka.” Na ce, “Yaya, mutane za su yi magana.” Ya ce, “A gidana za su yi ta.”

Na je ni kaɗai, babu ɗan amshi. Bayan ɗaurin aure na tsaya a ƙofar gida na rataya ganga. Na soma kaɗawa a hankali. Jama'a suka yi cirko-cirko daga nesa, kowa na kallon kowa, fili ya zama wayam a gabana. Yaya na zaune a kujera da sandarsa yana gyaɗa kai, amma shi ba zai iya tashi ya buɗe fili ba. Na ce a raina in na kai ƙarshen wannan kiɗan babu wanda ya shigo, na gama ke nan har abada.

Sai ga matarsa ta fito daga cikin gida, wadda tun ranar zaure ba ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Ta ratso fili ita kaɗai har gabana, ta kwance bakin zani, ta ciro kuɗi ta liƙa min a goshi. Ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ka kaɗa sosai, 'yata ce ta fari.” Sannan ta rage murya ta ce, “Amma in ka kuskura ka kaɗa takensa, ni zan fasa gangar nan a kanka.”

Na ce, “Na ji, Hajiya. Allah ya saka da alheri.”

Ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa, matan gidan suka biyo ta, fili ya cika. Hawaye sun hana ni ganin masu rawa, amma ban tsaya ba sai da aka kira sallar la'asar.