Tsuntsuwar da Ta Hana Guduma Kunna Wuta

Ka taɓa ganin yadda ake fasa dutse ba da inji ba? Itace ake tarawa a gindinsa a kunna wuta, in ya ɗau zafi a watsa masa ruwa, sai ya tsage. Akwai wani mutum da wannan ce sana'arsa tun yana saurayi, har sunansa ya ɓace, kowa Guduma yake ce masa.

Ƙanin matarsa direban tifa ne, shi ke kwashe tsakuwar. Rannan ya nuna wani ƙaton dutse a gangaren tsauni, ya ce lodi biyu yake so a makon nan, in babu zai koma wa masu inji.

Guduma ya jera itace. Ya zaro ashana ke nan, sai wata 'yar tsuntsuwa ta fito fit daga tsagar dutsen. Ba ta kai tafin hannu ba. Bayanta kalar dutsen sak, ƙirjinta ja-ja, ga farin layi bisa ido kamar an ja mata alli. Ta dira kan baronsa tana kaɗa jela, tana ta tsiwa. Ya leƙa tsagar. Sheƙa ce ta busasshiyar ciyawa da gashin akuya, ga baki uku a buɗe.

Ya mayar da ashanar aljihu.

"Yaya, ashanar ce ta jiƙe?" in ji direban.

"Akwai masu gida a ciki."

Direban ya leƙa, ya fashe da dariya. "Waɗannan? Duk ukun ba su cika cokali ba! Bari in gaya wa 'yar'uwata mai renon tsuntsu ta aura."

"Gaya mata. Lodinka dai za ka samu, kai da ko buhu ba ka iya ɗagawa."

Sai ya koma kan ƙananan duwatsun can sama, waɗanda kowa ke gudu saboda nisa. Ya hau, ya fasa, ya turo baro, ya sake hawa, har tafin hannunsa ya yi kanta. Da sassafe mijin tsuntsuwar ke hawa kan ƙaton dutsen ya rera waƙarsa siririya, sannan su biyun su shiga jigilar tsutsa da fara.

Ranar da tifa ta zo, lodi ɗaya da rabi ya tara. Direban ya dubi tulin, ya dubi hannun surukinsa, ya yi tsaki, ya cire riga.

"Miƙo ƙaramar gudumar. Amma wallahi in ka faɗa a gida, mun ɓata."

Kafin la'asar suka cike. Dutsen kuwa bai ga wuta ba sai da 'ya'yan suka tashi.

Tun daga nan, kafin ya kunna wuta sai ya ƙwanƙwasa dutse da guduma, ya ja baya ya saurara. Kai ma in za ka sare bishiya ko ka rushe tsohuwar katanga, gwada hakan: ƙwanƙwasa tukuna, ka ga wa zai fito.