Sufeton Dutsen Guga

A shagon wanki da guga da ke ƙarshen layi, jikin kantin magani, akwai wani mutum da ake kira Sufeto. Bai taɓa sa kaki ba, sai dai ya goge na wasu. Wansa ne ya raɗa masa sunan, kuma da yake wan shi ne mai shagon, ba wanda ya yi gardama.

Shekara goma sha huɗu Sufeto ya yi a teburi na biyu daga ƙofa. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba. In ya fitar da karin wando sai ka rantse zai yanka yatsa. Shi ne auta a gidansu, marar hayaniya, yana da mata da 'ya guda.

Aikinsa na gaske kuwa sai an tashi yake farawa. Ƙarfe shida sauran ma'aikata su kama gabansu. Shi kuma ya zare wayar dutsen guga daga soket, ya dubi soket, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya jira dutsen ya huce, ya ɗora tafinsa a kai. Duwatsun huɗu ne. Ya rufe ƙofa, ya ja kwaɗo sau bakwai, ya yi taku ashirin, sai wani abu ya ce masa: to in idonka ne ya yaudare ka fa? Nan take ya ga wuta ta lashe kayan mutane, ta tsallaka kantin magani. Sai ya koma. Kafin ya isa gida an daɗe da wanke kwanuka.

Yaya ya ga duk wannan, ya kuma fahimce shi daidai gwargwadon amfaninsa. Ya danƙa masa makullai.

"Ni barci nake har da munshari," yakan gaya wa abokansa. "Shagon da ke da Sufeto, me zai yi da mai gadi?"

Yana kuma da wani wasa da yake ji da shi. In sun taso tare sun yi nisa, sai ya gyara murya ya ce, "Sufeto, ka cire dutse kuwa?" Ƙanen ya tsaya cak, ya yi ɗan murmushi, ya juya. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Wasan bai taɓa ƙin ci ba, kuma mutum ba ya yar da abin da ke ci.

Ranar da 'yar Sufeto ta zo ta ɗaya a aji, makaranta ta ce kowa ya zo da mahaifinsa a ba da kyauta. Yaya ne ya ɗauke su a motarsa: Sufeto a gaba, matarsa da yarinyar a baya, an goge mata rigar makaranta sau biyu. Sun kusa shataletale maganar ta fito daga bakin Yaya da kanta, kamar atishawa.

"Sufeto, ka cire dutse kuwa?"

"Yaya, ɗan tsaya."

"Haba, wasa nake yi."

"Na sani. Ɗan tsaya dai. Minti goma, zan same ku."

Ya sauka. Matar ta juya fuskarta ga taga. Yarinyar ce, mai shekara takwas, ta leƙo tsakanin kujeru.

"Baffa, me ya sa ka tambaye shi? Ai ka san ba zai zo ba."

Bai zo ɗin ba. Yaya ne ya tashi aka ɗauki hoto da shi, shugaban makaranta har ya yaba masa tarbiyya. Da ya koma shago ya tarar da ƙanensa a tsaye, tafinsa a kan dutse mai sanyi, gumi ya jiƙa masa riga. Tun safe aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya.

Akwai wata likita da ke kawo fararen rigunanta guga. Ta taɓa tambayar Yaya tun yaushe ƙanensa yake haka, ya ce mata ai hali ne, mutum ne mai kula. Washegarin ranar ba da kyautar, da ta zo karɓar kaya, Yaya ya raka ta har mota, abin da bai saba ba, ya tambaye ta abin da take nufi. Ta rubuta masa sunan wani sashe a asibiti.

Likitan da suka gani a can mutum ne mai magana a hankali. Ya daɗe yana sauraron Sufeto, sannan ya ce wannan cuta ce, mutane da yawa suna da ita, ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba. Tunani marar daɗi yakan faɗo wa kowa, ya wuce. Shi nasa maƙalewa yake yi. In ya koma ya duba sai ya ji sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin nan kuwa shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa dubawar ce ta cece shi, gobe sai ta nemi ƙari.

"Akwai ƙwaya, za mu fara. Amma babban aikin horo ne. Ka zare waya sau ɗaya, ka rufe, ka tafi. Tsoron zai taso, ka bar shi ya taso. In ba ka ba shi abinci ba, da kansa zai sauka. Ba kwana biyu ba ne, watanni ne." Ya juya ga Yaya. "Ku kuma a gida, in ya tambaye ku ko ya cire, kada ku amsa. Amsar ma dubawa ce. Akwai mai tuna masa da zancen?"

Yaya ya dubi kalandar da ke bango da kyau.

"Akwai," ya ce.

A mako na uku, bayan an fara da ƙananan abubuwa, aka zo kan shago. Sufeto ya zare wayoyi huɗu, sau ɗaya ɗaya. Ya datse kwaɗo, ya miƙa wa Yaya makullai. Suka taka zuwa tashar bas, suka zauna a benci.

"Yaya, na uku. Ka ga na cire na uku?"

Yaya ya gani sarai. Kalma ɗaya ce, kuma a rayuwarsa bai taɓa rowar magana ba.

"Likita ya hana, auta."

"Kai kawai za ka ɗaga."

"Wuyana ya sanƙare."

Bas ta farko ta zo ta wuce. Sufeto ya miƙe, ya dubi layin shago, ya koma ya zauna, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi. Yaya ya rasa inda zai sa idonsa.

"Auta, ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya."

"A'a, da gaske nake. Shekara goma sha huɗu. Ka yafe?"

"Na ce ba komai."

Wani mai keke ya wuce da katifa a kansa.

"Har a zuciyarka?"

Sufeto ya share gumi da hannun riga, ya dube shi a kaikaice.

"Yaya, sau uku ke nan. In na sake amsa maka, ni ma na ɓata ka."

Bas ta biyu ta tsaya. Ya tashi kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa, ya kama ƙarfen ƙofa, ya tsaya har yaron mota ya fara masifa, sannan ya shiga. Ta taga Yaya ya hango shi a zaune, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Ƙarfe shida da rabi ne. Yaya ya kira matar ƙanen nasa a waya ya ce mata mai gida yana hanya.

"Yanzu?" ta ce. "Lafiya dai ko, Yaya?"