Sun Mayar da Mu Legas

Har yau idan na tuna ranar da kashi na biyu na gem ɗin nan, wato wasan talabijin, ya iso shagon da muke bugawa a Agege, sai raina ya ɓaci.

Shagon ɗan ƙarami ne a bayan layin masu goro, talabijin uku, benci biyu, da fanka mai kuka. Ranar Lahadi bayan la'asar nake rufe keken ɗinkina in tafi can, in tarar da abokina, wani ɗan Nijar mai gadin wani gida a Ikeja. Ranar hutunsa ke nan, kuma a gaban talabijin ɗin yake cinye ta. Dokar shagon ɗaya ce: fad, wato abin dannawa, ba ya barin hannunka sai an kashe ka a cikin wasan. Shi kuwa abokina ko rufin ya kama da wuta ba zai miƙa ba sai ya mutu.

Kashi na farko a wata duniya aka shirya shi, can bayan taurari, mai rana biyu. Babu kowa sai kai da ɗan jirginka da wasu maharan ƙarfe jefi-jefi. Sauran duk fili ne iya ganinka. Akwai wani jan tsauni da ba a samun komai a kansa, ba makami ba lada. To nan abokina yake nufa. Idan ya gama da maharan sai ya hau da ɗan wasansa can ƙoli, ya ajiye fad a cinya, ya zauna yana kallon ranakun biyu suna faɗuwa.

Samarin shagon, haihuwar Legas, su yi ta tsaki. "Oga, abeg, ka buga ko ka ba mu!"

"Ban mutu ba," yake cewa, ko waiwaye babu.

Ni ma da farko abin ya ba ni haushi, sai da ya gaya mini dalili. Ya ce tun da ya zo Legas bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba. A wurin gadinsa katanga ce a gaba, katanga a baya. "A garinmu, mushe, kana hango baƙo tun yana kamar tsinke, ka dafa shayi kafin ya iso." Mushe yake kirana, wato malam a Faransancin 'yan Nijar. Daga ranar na koma zama kusa da shi, nakan sayo mana shayi mu sha a kan tsaunin.

Da aka fara maganar kashi na biyu, mun ɗauka ƙarin fili za a ba mu. Ranar da ya zo shagon ya cika har waje. Mai shagon ya kunna, muka zuba ido.

Birni ne. Birni cunkushe, bene kan bene, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kwata ta cika, masu talla na jan rigarka. Motocin suna tashi sama, amma wallahi a saman ma gosulo suke yi, cunkoso ba motsi, ana ta hon. Wani saurayi ya hango wata mai kama da bas ɗin hayar Legas, ya daka tsalle ya ce, "Kai, danfo ce ta yi fiffike!" Shago ya ɗauki shewa. Su murna suke, wai an sa garinsu a gem. Wani ya buɗe waya yana karanto mana yabon da mutanen ƙasashen waje ke zubawa, wai yanzu ne duniyar wasan ta yi rai, wai ta dā kango ce mai sa barci. Na ce ina ma a kawo mai wannan magana a ajiye shi cikin layin tireloli a Apapa da tsakar rana, ya sha ran ya ƙoshi. Mu da muke gudun Legas zuwa bayan taurari, an bi mu da ita har can.

Na ce wa mai shagon ya mayar mana da na farko a talabijin ɗaya. Ya sosa ƙeya ya ce sabon babba ne, bai shiga ba sai da ya goge tsohon a duka injinan. Na tashi da faɗa. Na ce shawarar wa ya nema? Ya ce shagonsa ne, kuma ban da mu biyu wa yake tambayar wancan? Gaskiyarsa, shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai.

Abokina ya zauna jiran layi. Da layi ya zo kansa ya karɓi fad, ya ƙi kula kowa a birnin. Ya nemi benen da ya fi kowane tsawo, ya yi ta hawa, samari na yi masa ihu wai ba nan hanya take ba. Ya kai rufin ƙarshe ya juya gabas, benaye. Ya juya yamma, benaye da hayaƙi. Ya ɗaga kai, wani titin ne ya gitta a sama, motoci jere a kansa.

Ya daɗe a tsaye. Babu mai harbinsa, ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Sai kawai ya miƙa wa saurayin da ke gefensa fad ɗin.

"Oga, ai ba ka mutu ba," in ji saurayin.

"Karɓi dai," ya ce.

Ya sa takalmansa ya fita, shayin da na sayo masa na nan a ƙarƙashin benci. Lahadin da ta biyo na je na jira shi har aka kira magariba, bai zo ba.